Kwalaben Hajiya Falmata

Kwanakin baya wasu samari uku suka shigo rumfata da ke kan hanyar Chaza, kowa da waya a hannu. Wai sun ga wani Bature a bidiyo yana hura gilashi, cikin minti ɗaya ya fitar da tambulan, shi ne suka zo in koya musu. Babbansu ya ce, "Baba, ai simple ne. Hurawa kawai za ka yi kamar balan-balan. Sati biyu mun iya, mu je mu buɗe namu a Abuja." Na miƙa masa bututun ƙarfe, ko gilashi babu a bakinsa, na ce ya riƙa juya shi da yatsu har in gama shan shayina. Ban kai rabin kofi ba ya jingine shi yana yarfe hannu. Ban yi masa dariya da yawa ba, don ni ma haka na fara. Amma tunda ku yaran yanzu ba ku da gindin zaman sauraro, bari in rubuta, wanda ya ga dama ya karanta. Hurawa ita ce mafi sauƙi a sana'ar nan. Kuskuren da ya kusa rufe mini rumfa, ya kuma jawo wa wata baiwar Allah asarar da ba ta gyaruwa, tun a bakin buhu na yi shi, kafin ma a kunna wuta.

Sunana Bala, a kasuwa kuma Bala Mai Ƙwai, haifaffen Suleja. A gidanmu babu wanda ya san yadda ake yin gilashi, fasa shi kawai muka iya. Ina da shekara ashirin da wani abu ina ƙaren mota a wata babbar mota mai ɗaukar doya daga Gawu zuwa Legas. Wata tafiya muka samu lodi zuwa wani ƙauye a bakin teku, can gaba da Badagiri, muna sauke kaya giyar motar ta ce ga garinku. Kwana tara muka yi muna jiran kayan gyara.

Ni da babban ruwan da na sani shi ne Gurara, ranar da na ga teku nesa na tsaya, don ruwan da ba a hango ƙarshensa ban yarda da shi ba. Sai na koma yawo ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa, inda rumfunan masu sana'a suke a jere. Nan ana sassaƙa kwale-kwale daga gungume guda, can mata na saƙa tabarma, gaba kaɗan tsofaffi na ɗinke taru da yatsun ƙafa a miƙe. A ƙarshen layin na ji wani gurnani kamar na injin markaɗe, na leƙa. Wani siririn tsoho ne babu riga, ya zura dogon bututu cikin tanderu, ya ciro wani abu ja mai naso, ya juya, ya sa baki ya ɗan hura, abin ya kumbura. Kafin in rufe bakina ya zama ƙwan fitila, irin wanda uwata take aikena in sayo in na fasa nata. Kwana uku ina zuwa ina tsayawa a wuri ɗaya. A na huɗu tsohon ya dube ni ya ce, "Aboki, you wan look or you wan work?" Wato kallo na zo yi ko aiki. Na ce aiki. Da aka gyara mota direbana ya yi ta zagina, ya gaji ya tafi ya bar ni. Shekara huɗu na yi a wurin.

Baba Hunsu ake ce wa tsohon. Wata shida na farko ko taɓa bututu bai bar ni na yi ba. Aikina shi ne buhunan fasassun kwalabe da ake kawowa daga gari: in zazzage, in wanke, in cire takarda da murfi, in ware. Fararen kwalaben lemo gefe ɗaya, koraye gefe ɗaya, masu ruwan ƙasa na magani gefe ɗaya. Gilashin taga da fasassun kwanonin gilashi na kicin kuwa rami ake zuba su, ba sa kusantar tukunya. Yatsuna duk suka tsattsage, ruwan gishiri na shiga ina tsalle. Kullum abin da yake faɗa ɗaya ne, "Bottle get family," wai kwalba ma tana da dangi, ba a haɗa ta da bare.

Wata rana na gaji, ga yunwa, na ga wani ɗan guntun kwanon gilashi ya faɗa cikin fararen kwalabe, na ce wa kaina fari dai fari ne, na bar shi. Ashe tsohon yana kallona. Ya kwashi kwalaben har da guntun. Ya narka a wata ƙaramar tukunya, ya hura kofi mai kyau, ya huce shi yadda ya kamata, ya ɗora a kan kanta. Kwana huɗu kofin yana nan lafiya, har na fara cewa a raina tsohon nan tsoro ne ya yi masa yawa. Muna cin garin rogo da kifi da rana sai muka ji tas! Babu wanda ya taɓa shi, kofin ya rabe biyu. Baba Hunsu ko ɗaga kai bai yi ba, ya ci gaba da cire ƙayar kifinsa.

Daga baya ya yi mini bayani. Kowane irin gilashi da yadda yake miƙewa in ya ji zafi, da yadda yake tsukewa in ya huce. In ka gauraya iri biyu, a wuta za su haɗu lafiya, a ido ma ba ka ganin komai, amma da sun huce ɗaya na ja nan ɗaya na ja can. Yana iya kwana ɗaya, yana iya wata guda, ƙarshensa dai fashewa. Shi ya sa daga kowace tukunya yake ware abu ɗaya ya ajiye a kanta har kwana bakwai kafin ya sayar da sauran. Ni na sa wa wannan abin suna mai gadi, kuma har gobe ina ajiye shi.

Sai bayan nan aka ba ni bututu. Tsawonsa ya kai mini ƙirji, kuma daga lokacin da ka ɗebo narkakken gilashi a bakinsa ba ka daina juyawa, in ka tsaya ya zubo ƙasa kamar koko. Kana juyawa kana tafiya, kana juyawa kana zaune, kana juyawa ana yi maka magana. Ka mirgina shi a kan farantin ƙarfe ya daidaita, ka hura iska kaɗan, ka toshe bakin bututun da babban yatsa, zafi ne zai kumbura iskar da kansa. Masu cika kumatu suna hurawa da ƙarfi su ne ba su iya ba. Sannan ka ninka jiƙaƙƙiyar jarida a tafin hannu ka tallabi gilashin da ita kana gyara masa ciki, tsakaninka da wuta takarda ce kawai. Awartaki na matse wuya, almakashi na yanke baki. In ka gama ka kai shi wani ƙaramin tanderu da muke kira ɗakin hutu, ya kwana yana hucewa a hankali. Duk wannan na yi shi har cikin azumi, ina tsaye gaban wuta maƙogwaro a bushe, Baba Hunsu yana girgiza kai yana cewa mutanen Arewa ba su da hankali. Amma in la'asar ta yi shi ke karɓar bututun ya ce in je in yi salla.

Da na dawo gida na kafa rumfa a bayan masu walda, ni da Garba, abokina tun na ƙuruciya, wanda na koya wa riƙe bututu da buɗe mazubin da ake hura gilashi a ciki. Tukwanen narkawa wata tsohuwa Bagwariya mai ginin tukwane ta gina mana, bayan mun fasa guda biyar muna gwaji kafin ta gane haɗin yumɓun da ke jure wutar. Ƙwan fitila muka sa gaba. A lokacin kowane gida a ƙauyukan nan da fitilar ƙwai, kuma kowane gida da yaron da zai fasa ta. Ƴan kasuwar Gawu da na Sabon Wuse layi suke yi mana. Ba yabon kai ba, ƙwaina ya fi na kanti kauri, in ya faɗi a kan ƙasa sau da yawa sai ya yi birgima ya tsaya. A nan na samu suna, a nan na yi aure, na gina ɗakuna biyu.

Sai fitilun caji suka shigo. Ba a hankali suka zo ba, damina ɗaya suka cinye kasuwa. Wanda ya saba karɓar kwali goma ya koma ɗaya, daga baya ya fara ɓuya in ya hango ni. Wani a Gawu ya dawo mini da kwalaye yadda na kai su, ko igiyar bai kwance ba. Tanderu ya yi wata biyu a kashe, Garba ya koma acaɓa da safe, ni kuma ina zama bakin rumfa ina korar awaki. Na tsorata a shekarar nan, ba zan ɓoye ba. Mutum ya haura arba'in, abin da ya iya ɗaya ne, kuma duniya ta ce ba ta so.

Cikin wannan hali wata mota ta tsaya a ƙofar rumfa, wata dattijuwa ta fito, ƙamshinta ya cika wurin. Hajiya Falmata ke nan, mutuniyar Barno ce da aure ya kawo Sabon Wuse, sana'arta haɗa humra da turaren wuta. An ba ta aikin wani babban biki a Abuja, kwana goma sha biyu ya rage, za a raba wa mata humra a ƙananan kwalabe ɗari biyu, kuma uwar amarya ta ce ba ta son irin na kasuwa da kowa ke da shi.

"Sannan ina son babba guda ɗaya, tawa ta kaina," in ji ta. "Akwai baƙar humra da mahaifiyata ta haɗa da hannunta kafin ta rasu. Shekaru tana ajiye a wata tsohuwar kwalbar magani, kunyar nuna ta nake ji. Ka yi mini wadda ta dace da ita."

Na ce, "An gama, Hajiya."

Washegari da hantsi motar ta dawo, aka sauke buhu huɗu. Ashe Hajiya ta bi gidajen ƙawayenta da maƙwabta ta tattaro kwalabe, ta sa an wanke su tas, wai don ta rage mini wahala. Na buɗe buhun farko na leƙa. Kwalaben turare shuɗɗa na ƙasashen waje, koraye, fasassun tambulan, marfin kwanon gilashi, har da guntayen gilashin taga mai duhu, duk an farfasa an gauraye.

"Ka ga shuɗin nan?" ta ce tana murmushi. "So nake ya gauraya da koren, ya yi kamar ruwa. Da kaina na tsaya aka wanke, Malam Bala, har yankewa na yi." Ta nuna mini yatsa ɗaure da filasta.

Garba ya matso kusa da kunnena ya ce, "Bala, wannan fa ba dangi ɗaya ba ne."

Na sani. Na fi shi sani. Amma ga babbar mace, sa'ar yayata, ta yi ɗawainiya ta kawo abu har ƙofa da hannunta, tana murna. A tarbiyyar da aka yi mana ba a duban irin wannan a ce a mayar. Ga shi kuma ita kaɗai ce ta taka rumfar nan cikin wata biyu, ina tsoron in na ce a'a ta ji haushi ta tafi. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe mini baki. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya, kin hutar da mu." Da ta tafi na tsince abin da ido zai iya tsincewa, na ce wa kaina in na bar su suka daɗe a ɗakin hutu za su zauna lafiya. Ƙarya nake yi wa kaina, kuma na san ƙarya ce.

Kwalaben suka fito da kyau na ban mamaki. Shuɗi da kore suna bin juna, in ka ɗaga a rana sai ka ƙi ajiyewa. Masu walda suka bar aikinsu suka zo kallo. Babbar kuwa na ɓata mata rabin yini, na yi mata dogon wuya da murfi na gilashi, ban taɓa hura abin da ya kai ta ba. Ranar Lahadi Hajiya ta zo, na ce a bari su cika kwana bakwai. Ta ce, "Kwana bakwai kuma? Yaushe zan ɗura, yaushe zan ɗaure da zare?" Nan ma na bari aka loda a mota. Guda ɗaya kawai na ɓoye a kan kanta.

Ranar Laraba bayan azahar ina share rumfa na ji tas! Ban ko juya ba na san mene ne. Mai gadi ya tsage daga wuya har gindi. Na kira wayar Hajiya sau uku ba a ɗauka ba. Na ce wa Garba ya tayar da mashin.

Mun same ta a ɗakin aikinta da ke gaban gida, ita da mata huɗu a kan tabarma, suna ɗura humra da ƙananan mazurari. Sun cika wajen sittin, an jera a faranti. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, a dakata. Kwalaben nan fashewa za su yi. Laifina ne, na san ba a gauraya gilashi, na karɓa na yi shiru."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wace irin magana ce wannan? Kwana uku suna nan, ko ɗaya bai yi komai ba. Ko wani ne ya ba ka abin da ya fi nawa kake son ka karɓe?"

Na ce a taimake ni da ruwan zafi da ruwan randa. Aka kawo. Na ɗauki kwalba biyar da ba a ɗura ba, na jera, na zuba musu ruwan zafi, na juye, na tsoma su a na sanyi. Kwalbar kirki tana jure wannan in ruwan bai kai tafasa ba. Uku suka tsage nan take, ta huɗu ta rabe a hannuna. Matan suka yi salati. Hajiya ta ce, "Ku juye. Ku mayar da komai cikin jarka, maza." Aka shiga juyewa, ni da Garba muna tayawa, na fara jin sanyi a raina cewa mun iso a kan lokaci.

Sai na tuna. Na ce, "Hajiya, babbar fa?"

Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Tun ranar Lahadi na juye humrar mahaifiyata a ciki. Tana cikin durowa, a cikin kayana." Ta miƙe ta shiga cikin gida da sauri, ko takalmi ba ta sa ba.

Muka zauna muna jiran ta. Ƙamshin ne ya fara isowa. Wani ƙamshi mai nauyi, mai zurfi, wanda duk humrar da ke ɗakin ta zama kamar ruwa a gabansa. Ɗaya daga cikin matan ta dafe kai. Can Hajiya ta fito, hannu ɗaya riƙe da gindin kwalbar, ya yanke a zagaye kamar da wuƙa, ɗaya hannun da wani farin mayafi da ya koma ruwan ƙasa, jiƙe sharkaf. Ko cokali ɗaya bai rage ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta sa mayafin a fuska, ta daɗe a haka. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

Da ta sauke mayafin idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta rawa. Ta ce, "Me ya hana ka faɗa mini ranar da na kawo?"

"Kunya, Hajiya."

"Kunya," ta maimaita. Ta ninke mayafin a kan cinyarta. "Za ka iya ɗari biyu nan da Litinin?"

"Zan iya. Amma farare ne zalla, ba ado, kuma ni zan zaɓi kwalabena. Kwana bakwai ba za su samu ba, sai dai in gwada kowace ɗaya da ruwa a gabanki."

"Je ka yi."

Muka yi. Fararen kwalaben lemo iri ɗaya, ni na wanke kowace da hannuna. Ranar Litinin na kai, na zauna a tabarmar nan na gwada su ɗaya bayan ɗaya tun hantsi har la'asar, tana zaune tana kallo. Babu wadda ta tsage. Ta ɗaga ɗaya ta juya ta, ta ce, "Ba su kai waɗancan kyau ba." Na ce, "Ba su kai ba, Hajiya." Daga bikin nan masu humra suka san rumfata, kwalbar turare ta maye gurbin ƙwan fitila, ita nake ci har yau. Launi ma na koyi sa shi ta hanyar da ta dace, kuma duk wanda ya kawo mini buhu yanzu, ko limamin unguwarmu ne, a gabansa nake zazzagewa in ce wannan e, wannan a'a.

Hajiya Falmata ta tsufa sosai, amma har yanzu da kanta take zuwa karɓar kaya. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya, ba ta kuma sake neman in yi mata babbar kwalba ba. Mayafin nan dai ba ta wanke shi ba. Takan yafo shi wani lokaci in za ta zo, ƙamshin ya ragu amma yana nan, tun tana bakin titi nake jin sa. Sai in tashi in shimfiɗa mata tabarma, mu gaisa, ta tambayi iyali, in tambayi nata, ni da ita duka muna shaƙar abin da ya rage na hannun mahaifiyarta.